Tambaya da Amsa: Wai fim ɗin da ba a magana a ciki shi ma yana da siyasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Nima, nan Ankara ta ƙasar Ghana. An ba mu aiki a makaranta kan tsofaffin finafinan nan marasa magana, wai mu duba son kai na siyasa da yadda aka nuna sauran jinsin mutane a ciki. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, fim ɗin da ko murya babu ina zai samo siyasa, kuma ko da akwai ai zamaninsu ne haka. Don Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe min da yayan naki, ki ce masa bebe ma yana zagi, da hannu yake yi.

Ki fara da The Birth of a Nation na D.W. Griffith, 1915, wajen awa 3 ne, labarin yaƙin basasar Amurka da abin da ya biyo baya. Gwarazan fim ɗin 'yan Ku Klux Klan ne, masu farin mayafin nan da suke kashe baƙar fata, kuma manyan rol na baƙaƙe Turawa ne suka shafa baƙi a fuska suka hau. Akwai wajen da aka nuna baƙaƙen 'yan majalisa suna shan giya a zauren majalisa, wani ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa kan tebur, kuma kafin a nuna wannan sai da aka sako katin rubutu wai tarihi ne aka kwaikwaya. To wannan katin shi ne bakin fim ɗin, duk wanda ya fito ki tsayar ki kwafe shi a littafinki, ki ga wa aka kira da sunansa, wa aka kira da launin fatarsa kawai. An haska fim ɗin a fadar White House wa Shugaba Woodrow Wilson, kuma a shekarar ne aka sake farfaɗo da ƙungiyar Klan a jihar Jojiya.

Maganar zamaninsu ne kuwa, ni dai ban yarda ba sam. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka ta nemi a hana fim ɗin tun a lokacin, a Boston har kama ɗan jarida William Monroe Trotter aka yi wajen zanga-zanga, sannan a 1920 Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fito da Within Our Gates inda ya nuna yadda Turawa ke rataye baƙaƙe ba shari'a. Su ma ai 'yan zamanin ne ko?

Sai ki duba wa ake ba rol ɗin wa. The Sheik na 1921, Rudolph Valentino ɗan Italiya ne ya fito a shehin Larabawa, ya sace Baturiya, can ƙarshe sai aka ce ashe ba Balarabe ba ne, ubansa ɗan Ingila uwarsa 'yar Sifen, daga nan soyayya ta halatta. Kin ga ba a zagi kowa ba amma an faɗi komai. Kusa da gida kuma akwai Palaver na 1926 da Geoffrey Barkas ya ɗauka a Arewacin Najeriya cikin ƙabilun Angas da Sura, mutanen gari ne da kansu a ciki, sai dai gwarzon Di'o ne Bature. Wato yawan baƙaƙen fuskoki ba shi ne wakilci ba.

Ki kuma tambayi wa ya biya kuɗin. Battleship Potemkin na 1925 gwamnatin Sobiyet ce ta sa aka yi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki, kar ki rubuta wai duk finafinan lokacin haka suke. Rahoton ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace, don abin da ake ɗaukarsu a kai yana ruɓewa kuma yana kama wuta da sauri. Shi kansa na Micheaux an ɗauka ya ɓace sai daga baya aka tsinci kwafi a Sifen.

Ni da ke ce, na Griffith da na Micheaux zan jera gefe da gefe, duka suna YouTube. Ki nemi wajen da akwai wayifai don kar data ya ƙare miki, ki cika caji kafin a ɗauke wuta, ki ja yayan naki ya zauna ku kalla tare.