Tambaya da Amsa: Wai an gama shirin kawo auren jinsi ƙasashenmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni a Jidda nake zaune, shekarata 11 kenan, ina sayar da abinci ta wajen Karantina. Muna da wani guruf na WhatsApp mu matan unguwa, toh shekaranjiya sai wata ta turo boyis kusan minti tara wai Turawa sun gama shiri, duk ƙasar da ta ƙi yarda da auren jinsi ba bashi ba tallafi, wai Najeriya ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar Samowa, Tailan ma ta bi, saura ƙasashen Larabawa. Har da hoton wani yaro ɗan garinmu da ke taya mata girki a gidajen biki aka turo, wai irinsu ake biya su yaɗa abin. Wlh raina ya ɓaci don na san uwarsa. Meye gaskiyar maganar nan?
Daga 'yar uwarku a Jidda.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sa albarka a sana'a. Mai boyis ɗin nan ta haɗa gaskiya da ƙarya ne ta dama kamar fura, bari mu tsince.

Fafutukar dai akwai ta, ba ƙirƙira ba ce. Holan ce ta fara halatta auren jinsi a 2001, Amurka ta bi ta hanyar kotun ƙoli a 2015. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, ba wani ofis ɗaya ba ne a duniya da ke zaune yana raba umarni. Ƙungiyoyi ne na cikin gida suke shigar da ƙara a kotun ƙasarsu ko su matsa wa majalisa, wani lokacin a yi shekara ashirin ana bugawa. Inda ake cewa ta yanki ce, misalinta Latin Amurka: Kosta Rika ce da kanta ta nemi fatawar kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yankin, kotun ta ba da ra'ayinta a Janairun 2018, lauyoyi suka ɗauki wannan takarda suka riƙa kai ta kotunan ƙasashensu, Ekwado ta halatta a 2019, ita Kosta Rikar a 2020. To kin ga wannan kotun huruminta ƙasashen da suka sa kansu a ƙarƙashinta ne, ba ruwanta da Saudiyya ko Sudan ko Najeriya.

Maganar Tailan gaskiya ce, dokarsu ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, kuma majalisarsu ce ta yi. Taiwan ta riga ta tun 2019. Indiya kuwa kotun ƙoli ta ƙi a Oktoban 2023, ta ce wannan aikin majalisa ne. A Afirka duk faɗinta ƙasa ɗaya ce tal ake ɗaura shi a hukumance, Afirka ta Kudu, tun 2006, shekara kusan ashirin kenan maƙwabtanta ba su bi ta ba.

Sai batun Samowa, wanda ya tada ƙura a gida a 2024, ni kaina sai da aka turo min shi sau ba adadi har da 'yan uwana na ciki ɗaya. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik kan ciniki da raya ƙasa da makamantansu, Najeriya ta sa hannu a watan Yunin 2024. Akwai maganar daidaito tsakanin maza da mata da lafiyar haihuwa a ciki, a nan wasu suka yi zargi, amma babu auren jinsi a rubuce a cikinta. Dokar haramta auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan daram, shekara 14 a gidan yari. Cewa Turawa suna matsin lamba da kuɗi, eh yana faruwa, Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda a 2023, sai dai a kan dokar hukunci mai tsanani ga 'yan luwaɗi da suka yi ne, ba don sun ƙi ɗaura aure ba. Saudiyya ko ba ta cikin Samowar ma balle, kuma kowa ya san a kan me dokar aure ta tsaya a nan.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki hoton yaron nan ne. Hajiya, ke kin fi ni sanin zaman nan. Yaro baƙo, wataƙila ma igamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta cika ba, a liƙa masa irin wannan suna a guruf mai mata ɗari, gobe ba mai kiransa aikin biki, jibi a tare shi a lungu ko a kai sunansa wajen hukuma, uwarsa na can gida tana jiran ɗan abin da yake aikowa. Hujjar me? Ya iya tuƙa tuwo? Masu dafa mandi da kabsa a gidajen abincin Jidda ai yawanci maza ne. Ayar Hujurat cewa ta yi a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani, kuma malamai ba su ɗauki ƙazafi da wasa ba. Ko ta fuskar doka, ɓata sunan mutum ta waya a ƙasar nan yana iya kai wa ɗaurin shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000, mai turawa gaba ma ba lallai ta tsira ba.

Ki kira admin ɗin a waya, kar ki yi rubutu a guruf a zo ana cacar baki. Ki ce mata ta goge hoton yau, ta gaya wa wadda ta turo ta janye maganarta a inda ta yi ta. In kina da biki a gaba kuma kina buƙatar hannu a madafa, ki kira shi.