Kafin ka nemi biza, koma ka tuna abjadinka

Ƙanena, saƙonka ya iso, ina fatan su Hajiya suna lafiya. Ka ce ka gama digirin lissafi, kana son zuwa Sifen karatun tarihin jadawalin taurari, amma kana fargabar Larabcinka na zaure ne kawai, kuma ba ka taɓa leƙa madubin hangen taurari ba.

Madubin dai cire shi a ranka. Shekarata huɗu a nan Basalona, sau ɗaya na leƙa shi, shi ma yawon buɗe ido ne ya kai ni. Aikinmu zaman tebur ne da tsofaffin takardu. Abin da Larabawa ke kira ziji littafi ne cike da layukan lambobi, wanda mai hisabi zai buɗe ya fitar da inda rana, wata da taurari biyar masu yawo za su kasance a ranar da ya ga dama, har da lokacin husufi. Na Khwarizmi, da aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, asalin Larabcinsa ya ɓace. Gyaran da Maslama al-Majriti ya yi masa a Andalus, wato Sifen ta zamanin Musulmi, ne wani Bature ɗan Ingila, Adelard, ya juya zuwa Latin a 1126, da shi muke aiki. Ka ga ke nan Latin ba makawa, Sifaniyanci kuma na cefane da na aji.

Larabcin zauren da kake rainawa kuwa, shi ne jarinka. Ranar da aka fara ajiye mana hoton wani rubutun Andalus, abokan karatuna, har da wani Balaraben gabas, suka yi cirko-cirko: fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ni ko sai na ga allona na gidan Malam. Lambobin ma da haruffa ake rubuta su, wato abjad, alif 1, ba 2, jim 3, irin na masu hatimi, a kan lissafin sittin-sittin na daraja da daƙiƙa. Amma a yi hattara. A abjadin Magrib, wato na yamma irin na Andalus, sad 60 ne, sin 300. A na gabas sin ne 60, sad 90. Sannan masu kwafar littattafai ba su damu da ɗigo ba. Ya da ba 12 ne, nun da ba 52, in ɗigon ya faɗi kamarsu ɗaya. Na taɓa kashe kwana uku ina zargin marubuci da kuskure, ashe ni na karanta 52 a inda ya rubuta 12. A nan lissafinka zai yi rana, domin sai ka sake lissafa layin da kanka kafin ka san wa ya yi kuskure, kai ko mai kwafar.

Ka fara da silsilar jadawalin Toledo, wani birni a nan Sifen, ita ce ta fi kusa da mu. Wajen 1080 su Zarƙali, malamin taurari na Andalus, suka haɗa jadawalin Toledo. Bayan kusan shekara 200 Sarki Alfonso na 10 ya sa wasu malaman Yahudu biyu, Ishaƙ ben Sid da Yahuda ben Musa, suka sabunta shi, suka fara ƙirga daga 1252, shekarar hawansa mulki. Jadawalin da ke ɗauke da sunan Alfonso aka buga a Benis a 1483, Turai ta daɗe tana dogaro da shi. Wani Bajamushe, Reinhold, ya fitar da nasa a 1551 bisa tsarin Kopanikus, mai cewa duniya ce ke zagaya rana, bai fi na da daidai da wani abin kirki ba. Sai na Kepler, shi ma Bajamushe, a 1627, wanda lissafinsa ya ce Uɗarid, tauraro mai yawo da ya fi kusa da rana, zai ratsa fuskar rana ranar 7 ga Nuwamba 1631, wani malamin Faransa kuwa, Gassendi, ya gan shi a Faris ranar. Zijin Ulug Beg na Samarƙand, mai taurari 1,018, bar shi sai ka iya Farisanci.

Maganar kuɗi, ba zan ɓoye maka ba, fage ne mai ƙarancin gurbi, kada ka sayar da filin gado ka taho. Sai tallafin karatu ya tabbata a rubuce. Kafin nan je wurin Malam ya maimaita maka abjad, ka tambaye shi nawa sad take a wurinsa, ka turo min amsar. In tafiyar ta tashi ka riƙo min yaji da kuka. Kilishi kam bar shi, a filin jirgi za su ƙwace.