Dashen haƙori da ciwon dasashi: amsoshin tambayoyinku

Likita, an cire mini turmin haƙori wata biyu da suka wuce. Yaushe za a iya dasa mini wani?

Malam, lokaci ya kusa. Galibi akan bar ramin wata 2 zuwa 4 ya warke, a ɗauki hoton muƙamuƙi a ga ko ƙashin ya isa. Sai a ɗaura ƙusar ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama ƙashi, sannan a ɗora mata kan haƙori. Kada ka ja shekaru, domin ƙashin da ba haƙori a kansa zaizayewa yake yi.

Aikin da zafi?

Ana yin allurar kashe zafi. Kumburin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Idan ya ƙaru bayan haka, ko leɓe ya ƙi farfaɗowa, koma asibiti a ranar.

Dasashina yana jini idan na goge baki, haƙora biyu suna girgiɗa. An ce wankin haƙori a asibiti shi ke kwance su, shi ya sa na ƙi zuwa. Ina danna asfirin a wurin. Ba gara a cire a dasa mini sababbi ba?

Hajiya, don Allah ki daina danna asfirin ɗin nan tun yau. Ƙona nama yake yi, ya bar farin gyambo, ciwon kuma yana nan. Har masu ɗiga fetur da ruwan batir akwai, abin takaici.

Batun wanki kuwa, wannan magana ta raba mutane da yawa da haƙoransu. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori daskarewa yake yi ya zama kamar dutse, buroshi ba ya fitar da shi. Ƙwayoyin cuta su zauna a kansa, dasashi ya kumbura ya saki haƙorin, ƙashin da ke riƙe da shi ya riƙa narkewa ba tare da zafi ba. A lafiyayyen baki, zurfin da ke tsakanin dasashi da haƙori milimita 1 zuwa 3 ne. Daga 4 zuwa sama cuta ta shiga. Idan aka kankare dutsen sai mutum ya ji girgiɗar da datti ya rufe, ya ɗora wa likita laifi. Ɓarnar ta riga wankin.

Dashe kuma ba ya warkar da ciwon dasashi. Ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙorinki za su ci na jikin ƙusar, sau da yawa ma da sauri. Sai an fara kankara har ƙarƙashin dasashi, a sake aunawa bayan mako 6 zuwa 8, jini ya tsaya, kafin a yi zancen dashe. Mai yiwuwa ma haƙoran nan biyu su tsira, naki kuwa ya fi na dashe.

Bayan nan, wanki duk wata 3 ko 4, ba yankewa. A gida, goge baki minti 2 safe da dare da buroshi mai laushi, da zaren sakace ko ƙaramin buroshin tsakanin haƙora kullum. Ruwan kurkure baki na kulohezidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, kada ya wuce mako 2 sai da izinin likita, yana rina haƙora. Idan kika ga mugunya, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi, kada ki kwana ba ki ga likita ba.

Ina da ciwon suga, ina kuma shan sigari. Zan iya dashe?

Suga idan ya daidaita ba ya hanawa, a auna shi tukuna. Sigari kuwa tana rage jinin da ke zuwa dasashi, ta hana ƙusa kama ƙashi, ta kuma ɓoye jinin da zai nuna maka akwai cuta. Bar ta kafin aikin, ka je a duba dasashinka ko ba ka jin komai.