Na ce wa Baturiya "sorry", ta ce ba laifina ba ne

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru. Kwanakin baya wata baƙuwa 'yar Ingila ta yi tuntuɓe a gabana, na ce mata "sorry". Sai ta dube ni ta ce ai ba laifina ba ne. Kuskure na yi?

Amsa: Malama, "sannu" ce a zuciyarki, "sorry" ta fito a baki. Mu nan mun ɗora wa kalmar aikin "sannu": yaro ya faɗi, sori, mutum ya ƙware da ruwa, sori. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Yarbawa na da "pele", Ibo na da "ndo", duk aikinsu ke nan, shi ya sa Turancin Nijeriya ya tafi a haka. Ita kuwa baƙuwarki, a ƙaramin abu irin tuntuɓe, neman afuwa kunnenta ya ji, kamar ke kika sa mata ƙafa. A can abin da aka saba faɗa shi ne "Are you all right?", wato ba ki dai ji ciwo ba ko?

Amma kada wani ya ce miki Turawa ba sa jaje da ita. In an yi rasuwa ko wata asara, za su ce "I'm sorry to hear that". Bambancin shi ne sukan cika jimlar, ba su bar kalmar tsirara ba. Tushen kalmar ma yana goyon bayanmu: a tsohon Turanci "sarig" ce, 'yar'uwar "sore", wato ciwo. Jin zafi a rai shi ne ma'anarta ta fari. Don haka ni ban taɓa kallon namu a matsayin gurɓataccen Turanci ba.

Tana da sauran ayyuka. In aka ja ta da muryar tambaya, "Sorry?", daidai take da "Na'am?" ɗin wanda bai ji magana ba. In mai kanti ya ce "Sorry, we're closed", "sai haƙuri" yake nufi, bai yi nadamar komai ba. Ki yi hattara da "I feel sorry for you": tausayi ne, amma yakan zo da ƙanshin raini.

Akwai irin wannan tarko a "well done". Ki wuce mai ɗinki a Kasuwar Sabon Gari ki faɗa masa, ya san "sannu da aiki" ce. Bature zai ɗauka kin duba ɗinkin ne kin yaba.