Yaya Ake Zama Kyaftin Ɗin Jirgin Kamun Ƙaguwa?

Tambaya: Malam, wai da takardar makaranta ake samun wannan aikin?

Amsa: Ɗan'uwa, lasisi dole ne, amma ba shi ke kama ƙaguwa ba. A tekun Bering na jihar Alaska ta Amurka, sabon shiga yankan kifin tarko yake yi, hannu na daskarewa, kejin ƙarfe na kama ƙaguwa mai nauyin kusan kilo 300 na lilo bisa kansa. Sai ya shekara da shekaru kafin a ba shi tuƙi.

Albashi kuwa babu, kaso ake rabawa bayan an cire kuɗin mai da abinci. Nan nake jinjina wa kyaftin: in ya zuba tarko inda babu ƙaguwa, kowa ya tashi a tutar babu. A 2022 ma hukumar kamun kifi ta Alaska ta soke kakar kamun nau'in da ake kira ƙaguwar ƙanƙara ɗungurungum.