Fenti da Yatsu ga Yara Ƙanana: Da Wane Launi Za a Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau, kuma ina rainon yara shida a gidana, 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa uku, waɗanda iyayensu mata ke zuwa aiki. Na ga ana bai wa yara launi suna dangwalawa da yatsu suna shafawa a takarda, ina so in gwada. Akwai ragowar fentin da aka shafe ɗakinmu da shi. Zan iya sirka shi da ruwa in ba su? Kuma shin wasan yana da amfani, ko ɓata tufafi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri kan wannan amana da kika riƙe. Zan fara da maganar fentin, domin ita ce ba ta jira. Kada ki bai wa yaran nan fentin ɗaki, ko an sirka shi ko ba a sirka ba. Yaron da bai kai shekara uku ba da baki yake gane duniya, duk abin da ya taɓa yatsansa to ki ɗauka ya riga ya shiga cikinsa. Wasu fentocin, musamman masu mai da ƙyalli, suna ɗauke da dalma, wanda kuma babu dalma a cikinsa ba ya rasa sinadaran da ba a yi su domin cikin ɗan Adam ba.

Mu a Zamfara ba labarin dalma muke ji ba, gani muka yi. A shekarar 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka samu yashe gurɓatacciyar ƙasar da ke ƙauyen Bagega. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizani na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙaramar guba ba ta nuna kanta da zazzaɓi ko amai. A hankali take rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya shiga makaranta ana kiransa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne.

Saboda wannan dalili ki nisantar da kwalli ma daga wasan, ko da kina neman baƙin launi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta ba da rahoton wani jariri da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa, wanda daga Najeriya aka kai shi, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Haka nan ban yarda da shuɗin wanki ba, da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, da jar ƙasa ko yumɓun da ba ki san inda aka haƙo su ba.

Launin da kike bukata yana cikin madafarki. Ki dama kamu ko garin masara mai laushi, kofi ɗaya da ruwa kamar kofi huɗu, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kaurin talge, sa'an nan ki sauke ya huce sarai, ki gwada da bayan hannunki kafin yaro ya taɓa. Dafawar tana da muhimmanci, domin ɗanyen gari yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ki raba shi a ƙananan kwanoni. Ruwan soɓorodo mai kauri zai ba ki ja, ɗan kurkum zai ba ki rawaya, dakakken ganyen zogale ko alayyafo da aka tafasa aka tace zai ba ki kore. Kada ki sa sukari, don yana kiran ƙuda da tururuwa, yana kuma sa yaro ya mayar da fentin abinci. Ki haɗa na yini ɗaya kawai ki zubar da saura, domin a zafin bazara kafin la'asar ya yi tsami. Ki kuma tambayi kowace uwa ko akwai abincin da ke sa wa ɗanta ƙaiƙayi ko kumburi.

Ba sai kin sayi takarda ba. Babban faranti ko tire ya isa, yaro ya shafe ya sake, ko ki buɗe kwalin taliya ki shimfiɗa a kan tabarmar roba a inuwa. Buhun taki da kwalin maganin ƙwari kuwa kada su kusanci wurin. Ki cire musu rigunan da aka kawo su da su ki sa musu tsofaffi, kuma da yake ke kaɗai ce, ki zaunar da biyu ko uku a lokaci guda, idonki a kansu. Da hantsi ya fi, bayan sun ci sun ƙoshi. A lokacin hunturu ki wanke musu hannu da ruwan ɗumi ki shafa man kaɗanya, kada fata ta tsage.

Game da amfani, yana da shi ƙwarai. Yatsun da ke dangwala, suna jan layi, suna murza koko a faranti, su ne gobe za su riƙe alƙalami a kan allo da fensir a aji, kuma ƙarfinsu da saitinsu da ido a irin wannan wasa suke ginuwa. Ɗan shekara ɗaya da rabi shafe-shafe kawai zai yi, ɗan shekara biyu zai fara jan layi daga sama zuwa ƙasa, sai wajen shekara uku yake iya kwaikwayon da'ira. Don haka kada ki kama hannunsa ki zana masa gida ko mota domin a nuna wa uwarsa, kuma kada ki tsare shi da tambayar me ya zana. Ki faɗa masa abin da kike gani: "Ga ja a yatsanka, ga sanyi, ka ja dogon layi." Daga nan yake tsintar kalmomi, kuma a ganina wannan hirar ta fi takardar da za a tafi da ita gida daraja.

Za ki samu yaron da zai ƙi taɓa abin, yana ƙyanƙyamin danshi a hannunsa. Kada ki tilasta masa. Ki ba shi cokalin katako ko guntun soso ya fara da shi. Wani minti biyar zai yi ya tashi, wannan ma daidai ne da shekarunsa. Idan kuma a cikin yaran akwai wanda iyayensa suka taso daga yankin da ake haƙar zinariya, ko mahaifinsa yana dawowa gida da tufafin aikin, ki shawarci uwar ta kai shi asibiti a auna dalmar jininsa, ko da lafiyarsa lau a ido.