An tsinci gawar yaro a wasana: ta ina bincike zai fara?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina rubuta wasan kwaikwayo na talabijin. An tsinci gawar yaro ɗan shekara 16 cikin wani kango a bayan gari. Iyaye sun ce farfaɗiya ce, wani ɗan sanda bai yarda ba. Na sa ya ɗebi jini ya kai ɗakin gwaji, washegari ya kama mai laifi. Abokaina sun ce wannan ba ƙasarmu ba ce. Ina zan gyara?
Wata ɗaliba daga Tawa

Amsa: Ɗiyata, abokanki sun yi gaskiya. Ɗan sandanki ɗan Amurka ne da kika sa wa rawani.

Tsarin shari'armu a Nijar daga Faransa muka gaje shi. In aka ga gawar da ba a san dalilin mutuwarta ba, ɗan sanda ba ya gaban kansa: mai shigar da ƙara na gwamnati zai sanar wa, shi ne ke ba da umarni likita ya duba. In ta tabbata kisa ne, sai magana ta koma hannun alƙali mai bincike. Ki kuma kula da inda kangon yake. Cikin gari aikin ƴan sanda ne, a ƙauye kuwa na jandarmomi. Wanda aka kama ana tsare shi awa 48, ƙari sai da izini.

Amma ni a ganina, naman labarinki yana tsakanin asuba da azahar. Dangi sun taru, an sayo likkafani, masu haƙa kabari sun tafi. Kawu yana cewa, «Kwanansa ne ya ƙare, a rufa masa asiri.» Ɗan sanda kuwa ya san da zarar an yi wanka, abin da ke ƙarƙashin farcen yaron ya bi ruwa, kuma tono kabari sai da izinin shari'a da baƙin jinin unguwa. Ki tsayar da shi a zaure, yana neman yadda zai ce wa uban da ke kuka a dakata. Uwar tana ciki. Wataƙila ita ce ta ga tabo a wuyan ɗanta ta yi shiru.

Kada likitanki ya kalli gawa ya ce ƙarfe kaza aka mutu. Gawa kan fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 4, ta ƙage wajen awa 12, zafi kuma yana gaggauta komai. A zafin Afrilu na Tawa, da ya wuce digiri 40, jiki ma ba ya hucewa, balle a yi lissafi da sanyinsa. Sai dai ya ce tsakanin isha'i da tsakar dare.

Gwajin jini kuwa, ki tura shi Yamai, sakamako ya yi makonni bai dawo ba. Kafin nan ɗan sandanki ya nemi salular yaron, ya zauna a fadar samarin da yake shan shayi, ya tambayi ɗan kabu-kabun da ya sauke shi daren.